Zan kafa rumbun ajiya a gida: Raspberry Pi ko tsohuwar laftof?

Abba_Fagge
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan abu biyu. Na farko, gigabayit 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta sun cika min da hotunan yara da bidiyon biki, kuma ba na son in shiga biyan kuɗin wata har illa masha Allahu. Na ji ana cewa mutum zai iya ajiye 'yar kwamfuta a gida ta zama rumbunsa. Na biyu, injin bohol ɗinmu: kullum sai tanki ya cika ya yi ta ambaliya har lungu kafin wani ya tuna ya kashe. Ina son ya riƙa kashe kansa, in kuma iya ganin yawan ruwan a waya. Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan mai girman tafin hannu, zan saya ko me? Wutar unguwarmu ba ta da tabbas, amma ina da ƙaramar sola da inbata da batir biyu.

Sadiq_Linux
Wa alaikumus salam. Barka da zuwa hanya madaidaiciya! Sayi Raspberry Pi 5, ka sa Home Assistant, manhajar sarrafa kayan wutar gida, don famfo da fitilu, ka sa manhajar ajiya ta Nextcloud don hotuna. Ka yi sallama da Google gaba ɗaya.

Injiniya_Bala
Sadiq, a hankali. Mutum ya tambayi hanyar masallaci kana nuna masa ta Makka. Malam Abba, maganar tanki ba ta buƙatar kwamfuta ko kaɗan. Akwai fulot da ake sakawa cikin tanki, wani ɗan gora ne mai waya, in ruwa ya ɗaga shi sai ya yanke, in ruwa ya sauka ya haɗa. Duk mai sayar da kayan famfo yana da shi. Ka haɗa shi da kontakta, wato babban makunnin da ke ɗaukar wutar inji, shi ke nan. Ba ya son intanet, ba ya son sabuntawa. Ka fara da wannan ko da daga baya za ka ƙara wasu abubuwan, don ranar da kwamfutar ta tsaya, fulot ɗin ne zai hana ruwa zuba.

Sannan gargaɗi ga duk mai karanta wannan: kada ka ɗauki ƙaramin makunnin nan na Wi-Fi da aka rubuta masa amfiya 10 ka jona injin ruwa kai tsaye. Injin mai ƙarfin doki ɗaya wajen wat 750 yake ci in yana gudu, amma a lokacin tashi yakan ja ninkin haka sau da yawa. Haka bakin rilen da ke cikin makunnin zai yi ta cin wuta har wata rana ya manne, injin ya ƙi mutuwa. Makunnin ya kunna kontakta, kontakta ta ɗauki nauyin injin.

Abba_Fagge
Na gode Injiniya. To ganin yawan ruwan a waya fa?

Injiniya_Bala
Wannan kuma kwalliya ce, amma tana yiwuwa. Ɗan allon lantarki mai Wi-Fi da ake kira ESP32, da na'urar auna tazara mai jure ruwa, irin JSN-SR04T, a manna ta a murfin tanki tana kallon ƙasa. Ka sa wa allon manhajar ESPHome, zai riƙa aika wa Home Assistant tazarar da ke tsakanin murfi da ruwa. Sai dai da sanyin safiya raɓa kan taru a fuskarta ta riƙa ba da lissafin ƙarya na ɗan lokaci.

Hauwa_Kode
Ni kan batun Pi ɗin zan yi magana. Na'ura ce mai kyau, wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba. Amma ku yi lissafi: allon kansa, caja ta ainihi, akwati, fanka, sannan faifan ajiya na SSD da abin jona shi. Kafin ka gama ka kai kuɗin ƙaramar kwamfutar ofis ta hannu, irin su HP EliteDesk Mini ko Lenovo ThinkCentre Tiny ko Dell OptiPlex Micro, waɗanda suke jibge a Beirut Road da Banex. Su kuma sun fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma in suna zaune ba aiki wajen wat 10 suke ci.

Babbar matsalar Pi a wurinmu memori ce. In aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu, katin na iya lalacewa ta ƙi tashi. Home Assistant kuwa ba ya daina rubutu, kowane motsi sai ya shigar da shi kundinsa. Ƙara da cewa kasuwa cike take da memorin jabu, a rubuta 128 a jiki alhali cikinsa bai kai 16 ba.

BabanKhalifa
Duk kun tsallake amsar da ta fi sauƙi. Malam Abba, babu tsohuwar laftof a gidanku? Ko mai fasasshen gilashi ce. Ita da batirinta take zuwa, in an ɗauke wuta ko inbata ta yi ɗif na daƙiƙa biyu wajen sauyawa, ko a jikinta. Ga allo ga madannai in abu ya rikice, ba sai ka je aron talabijin ba. Tawa ThinkPad ce da aka yar a ofis, na sa mata Debian, wato wani nau'in Linux a madadin Windows, da Docker mai ɗaukar sauran manhajoji, tana kan durowa a ɗakin baƙi. Na saita ta kada ta yi barci in an rufe murfi, na kuma tsayar da cajinta a kashi 80 don kada batirin ya kumbura da zafin nan namu.

Abba_Fagge
Akwai ta Maman yara da ta daina amfani da ita, RAM ɗinta gigabayit 8.

BabanKhalifa
To ai ka gama sayayya. Sai dai ka nemi izini tukuna, kada a kawo mana ƙara.

DanDamagaram
Salamu alaikum mutanen Nijeriya. Ku da kuke kukan wuta, mu a 2023 muka ga abin da ya fi haka, lokacin da aka katse layin da ke kawo mana wuta daga wajenku bayan juyin mulki, alhali mafi yawan wutar ƙasar daga can take zuwa. Tun daga nan na daina bi ta inbata don ƙananan kaya. Rawuta volt 12 take so, batirin sola volt 12 ne, mene ne amfanin ɗaga shi zuwa 220 sannan caja ta sake sauke shi? Inbata kanta tana cin nata rabon ko ba a jona komai ba. Na sa fis da ɗan abin daidaita volt, rawuta da ƙaramar kwamfutar suna shan batir kai tsaye, da dare in kashe inbata in kwanta.

Kuma ku kula da zafi da ƙura. Pi tana rage gudu da kanta in ta kai wajen digiri 80, a watan Afrilu cikin ɗaki mai rufin kwano ba wuya ta kai. Da hunturu kuma fanka ta cika da ƙura. Ni duk ƙarshen wata nake hure tawa.

Malam_Habu_Zariya
Ni tambayata ɗaya ce ga yaran nan. Kuna cewa kyauta, kyauta. Wa ya biya wutar? Wa ya biya faifan ajiyar? Wa zai biya daren da za ka kwana kana gyara? Abba, kuɗin da za ka kashe a wannan harka zai biya maka rumbun Google na shekaru, kuma su ba a ɗauke musu wuta, ɓarawo ba ya haura musu katanga.

Hauwa_Kode
Baba Malam, wutar dai ga lissafinta. Wat 10 sau awa 24 sau kwana 30, ya kama yunit 7 da ɗan ɗori a wata. Ko da farashin 'yan Band A na naira 225 da aka sanar a Afrilun 2024 ne, bai kai naira dubu biyu ba, shi kuwa ma sola gare shi. Amma maganar ɓarawo da dare, wannan kam gaskiyarka ce.

Sadiq_Linux
Malam Habu, ba kuɗi ne kawai ba. Google Photos da can kyauta ne ba iyaka, a Yunin 2021 suka rufe wannan ƙofar bayan kowa ya zuba hotunansa. A harkar kayan gida ma ya fi muni. Revolv na'ura ce ta dala 300, kamfanin Nest ya saye su, a 2016 ya kashe sabar, wato kwamfutar kamfanin da na'urar ta dogara da ita, na'urar ta zama kwalliyar kanta. Insteon a Afrilun 2022 mutane suka wayi gari manhaja ba ta aiki, ba ko sanarwa. Duk makunnin da sai ya je wata ƙasa ya nemi izini kafin ya kunna fitilar ɗakinka, ba naka ba ne, haya kake yi.

Malam_Habu_Zariya
Fitilar ɗakina da yatsa nake kunna ta, ɗana. Ba ta taɓa neman izinin kowa ba.

Zango_Kumasi
Hahaha, Malam ya gama da kai Sadiq.

Ummu_Hafsat
Bari in faɗi abin da ku maza ba ku faɗa. Maigidana irin Sadiq ne. Ya sauya makunnan gidan nan duka, ya ce daga waya za a riƙa komai. Ya tafi Abuja aiki, rawuta ta mutu da magariba, ni da yara da baƙi muna zaune da fitilar waya, ga wuta a gari. Ina kiransa yana ce min in buɗe kaza in danna kaza. Da ya dawo na ce masa sharaɗi ɗaya ne: duk abin da zai saka, makunnin bango ya ci gaba da aiki da hannu kamar yadda aka saba, ko da kwamfutarsa tana raye ko ta mutu. Yanzu irin waɗanda ake ɓoyewa a bayan makunni ya saka, Inna in ta zo tana danna abinta ba ta ma san akwai wani abu a ciki ba.

Wanda na yaba masa shi ne na lokutan salla. Home Assistant ɗin yana da lissafinsu, ya saita fitilar tsakar gida tana kamawa kafin asuba, da azumi kuma ta kicin tana tashina sahur. Wannan kam na ce Allah ya yi albarka.

Injiniya_Bala
Hajiya, sharaɗin nan naki ya kamata admin ya manna shi a saman zaure.

Mai_Shago_Kantin_Kwari
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Ni kyamara ce damuwata. Ina da guda huɗu a shago, ina son biyu a gida, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Waɗannan masu araha duk ta sabar kamfani hoton ke bi kafin ya zo wayarka. Shago ba komai. Amma tsakar gida, inda iyali ke zirga-zirga ba mayafi? Wa ya san wanda ke gani?

Hauwa_Kode
Alhaji, damuwarka a kan hanya take. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori, yawancinsu kyamarori da rawutoci, ba da wata dabara ba, kalmar sirrin da aka fito da su daga masana'anta kawai take gwadawa, don mutane ba sa sauyawa. Abin da za ka nema shi ne kyamara mai RTSP ko ONVIF, wato wadda za ta ba da hotonta ga na'urar cikin gida. Sai ka hana ta fita intanet daga rawuta, ka sa manhajar Frigate a kwamfutar gida ta riƙa naɗa. Amma ni ra'ayina, kyamara ta tsaya a ƙofar gida da gareji. Wadda ba a saka ba ita ce ba a yi mata kutse.

Mai_Shago_Kantin_Kwari
Na gamsu, 'yata. Ƙofa da zaure kawai zan sa.

Abba_Fagge
Jama'a mu dawo kan hotunana. Na karɓo laftof ɗin, da izini. In ina kasuwa ko na yi tafiya, yaya zan shiga rumbun daga waje? Na kalli wani bidiyo yana cewa a buɗe ƙofa a rawuta.

Usman_Netwok
Mai bidiyon a Turai ko Amurka yake, da layin waya na ƙasa da adireshinsa na kansa. Mu da ke amfani da layin SIM, kamfanonin sadarwa suna tara kwastomomi da yawa a bayan adireshi guda, abin da ake kira CGNAT, saboda adireshin IPv4 ya yi ƙaranci a duniya. Ko ka buɗe ƙofa a rawutarka, akwai wata a gabanta da ba kai ke da makullinta ba. Starlink ma a tsarinsa na gida haka yake. Kuma alheri ne a ɓoye, don sabon shiga da ya buɗe ƙofa ga duniya, cikin awoyi masu laluben intanet za su fara ƙwanƙwasa masa.

Ka sa Tailscale a laftof ɗin da wayarka. A kan WireGuard, wata hanyar VPN, aka gina shi, yana haɗa na'urorinka kamar suna ɗaki ɗaya ko kana Legas, kuma amfanin mutum ɗaya kyauta ne.

Sadiq_Linux
Tailscale ba buɗaɗɗe ba ne gaba ɗaya. Sabar da ke haɗa na'urorin tasu ce, a rufe take. In da gaske ake, Headscale, buɗaɗɗiyar saba da kai za ka riƙe da kanka.

Usman_Netwok
Headscale ɗin a ina zai ajiye shi, tunda gidansa ba a iya shigowa daga waje? Sai ya yi hayar saba a waje da dala, da katin da zai yi aiki yau gobe ya ƙi. Mutumin da jiya ya fara jin sunan Debian. Sadiq, ka bar shi ya yi rarrafe.

Zango_Kumasi
Wani abin da ba a faɗa ba: data. Ka saita wayar kada ta tura hotuna sai tana kan Wi-Fi na gida. A nan tura hoto daga waya zuwa laftof ba ya cin ko sisin data, don bai fita gidan ba. Wannan ne ma ribar da na fi gani. Ni har Jellyfin na sa, manhajar kallon bidiyo daga rumbun gida, karatuttukan malamai da wa'azozin da na tara shekara da shekaru suna ciki, yara suna kallon nasu a talabijin ba tare da an sayi data ba. Na kuma sa Kiwix, mai buɗe shafuka ba intanet, da Wikipedia ta Hausa da ta Turanci don aikin makaranta.

Hauwa_Kode
Tunda an ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 a farkon 2025, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu. Abba, don hotuna zalla ni Immich zan ce, ba Nextcloud ba. Kamanninsa ɗaya da abin da ka saba, yana gane fuskoki, yana jera su da kwanan wata. Nextcloud ya fi dacewa da takardu da kalanda da aikin ofis, yana yin komai amma yana da nauyi. Ranar farko da Immich zai bi hotunanka yana tantance fuskoki laftof ɗin za ta yi zafi sosai, ka bari sai da rana lokacin da sola ke da ƙarfi.

Malam_Habu_Zariya
To na ji. Laftof ta tsufa, faifanta ya mutu ranar Talata. Ina hotunan sunan Khalifa?

BabanKhalifa
Malam, Khalifa nawa ne, na Abba daban. Amma tambayar ta zauna. Ƙa'idar da aka sani ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen gidan. Ni ina da faifai na waje guda biyu. Ɗaya yana jone, kowane dare ana kwafa a kansa. Ɗayan yana gidan mahaifiyata a cikin durowa, in na je gaisuwar Juma'a sai in musanya su. A kulle suke da kalmar sirri, ko an ɗauke ba a karanta su. Kuma lokaci-lokaci ka gwada dawo da hoto ɗaya daga ciki, don akwai masu shekara suna kwafar fanko ba su sani ba.

Malam_Habu_Zariya
Ka ga yanzu faifai uku ake magana. Ɗazu kyauta ne.

Nura_Tsaro
Ina bin ku tun safe. Sadiq, ina tare da kai a yawancin maganarka, amma a daina cewa buɗaɗɗiyar manhaja ba a cutar da mutum da ita don kowa na ganin cikinta. A Maris 2024 aka gano ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, a xz, wani ɗan ƙaramin kayan matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana taimakawa har aka amince masa, sannan ya dasa abinsa. Andres Freund, injiniya a Microsoft, shi ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta SSH ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi. Da bai damu da rabin daƙiƙar nan ba fa?

Sadiq_Linux
Amma an gano ɗin ai, kafin ya shiga manyan fitowar da mutane ke amfani da su. Da a rufaffiyar manhaja ce wa zai ba shi damar bin diddigin?

Nura_Tsaro
Ban musa ba. Abin da nake nufi, wanda ya ajiye saba a gida ya zama shi ne mai gadin kansa. Home Assistant duk wata yake fitar da sabo, kuma a ƙasan sanarwar akwai jerin abubuwan da za su daina aiki yadda aka saba. Ka karanta kafin ka danna, ka ɗauki kwafi, kuma kada ka sabunta daren da za ka yi tafiya.

Ummu_Hafsat
Ga wata kuma. Rai na hannun Allah. In mai sabar ya riga mu gidan gaskiya, hotunan yara da takardun fili suna cikin akwatin da shi kaɗai ya san kalmar sirrinsa. Na sa Abban Hafsat ya rubuta komai a takarda, yadda ake kunnawa da yadda ake ciro hotuna, muka sa a ambulan tare da takardun gida. Ya yi ta dariya, amma ya rubuta.

DanDamagaram
Wallahi Hajiya kin tuna min abin da ban yi ba.

Abba_Fagge
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda nake: mai gyaran famfo zai zo Asabar da fulot da kontakta. Laftof ta karɓi Debian, Immich na kan sauka. Google kuma ba zan goge ba tukuna, zan rage bidiyoyin in bar muhimman hotuna a can su zama kwafina na waje har in sayi faifai na biyu.

Sadiq_Linux
Wato dai ba ka bar su ba.

Malam_Habu_Zariya
Yaro ya yi hankali.

Mai_Shago_Kantin_Kwari
Kafin a watse, inbata tawa Deye ce. Akwai wanda ya taɓa jawo lissafin batirinta cikin Home Assistant ba tare da ya bi ta manhajar kamfanin ba? So nake firiza ta riƙa mutuwa da kanta in batir ya sauka ƙasa da kashi 40.

Injiniya_Bala
Ana yi, Alhaji, ko ta sandar Wi-Fi ɗin da ke jikinta ko ta ramin RS485 da ESP32. Turo hoton ƙasan inbatar in ga irin ramukan da ke wurin. Kuma firizar ma ta kontakta za ta bi.